A ji ta bakin mutanen cikin birni kafin a shafa jan fenti

A wata majalisa da ke cikin birnin Katsina na tarar ana gardama bayan sallar isha'i a kan wani layi da aka ce za a faɗaɗa. Wannan ya ce ta hannun dama za a ci, wancan ya ce a'a, an sauya, yanzu hagu ne. Wani dattijo da gidansa ke bakin layin bai tanka ba sai da aka kusa watsewa, sannan ya ce: "Ni dai 'ya'yana, ranar da na ga jan fenti a bangon zaurena, ranar zan sani."

Maganar ta tsaya mini a rai. An zana makomar gidan mutum a takarda, an goge, an sake zanawa, shi kuwa mai gidan yana zaune yana jiran mai gwangwanin fenti ya kawo masa labari.

Ina cikin masu son a sabunta tsakiyar Katsina. Tun da garin ya zama babban birnin jiha a 1987 yake ɗaukar jama'a da ababen hawa fiye da abin da lungunansa za su iya. Duk wanda ya bi ta Ƙofar Ƙaura ko Ƙofar Kwaya kafin a yi gadojin ƙasa, ya kuma bi yanzu, ya san aiki yana da rana. Matsayina shi ne: duk sa'ad da za a yi wa tsarin sabunta gari gyara, a baje gyaran a gaban mutanen da zai taɓa da hukumomin da ke da kaya a bisa hanyar da ƙarƙashinta, a karɓi ƙorafi a rubuce, a mayar da amsa a rubuce, sannan a sa hannu. Kuma a sa wannan cikin doka, kada ya dogara da halin wanda ke kan kujera.

A wurin gyara ake yin ɓarna

Tsarin farko kowa na ganinsa. Ana ƙaddamar da shi da taro, ana nuna zanensa a talabijin. Gyaran da ke biyo baya kuwa a ofis ake ƙulla shi, tsakanin injiniya da ɗan kwangila da mai sa hannu. Sau da yawa dalilin na gaskiya ne: kuɗi sun gaza, an ci karo da maƙabarta ko masallaci, an tarar da babban bututun ruwa inda ba a zata ba. Wani lokaci kuma gidan wani mai faɗa a ji ne ya faɗo cikin layi, sai layin ya karkata.

A yi lissafi a gani. Tagwayen hanya irin wadda ake yi a cikin gari, kowane hannu mita 7.3 ne, biyu sun ba da 14.6. A ƙara mita 1.5 na tsakiya, da lambatu mai mita 1 a kowane gefe, da wurin tafiyar masu ƙafa mai mita 1.5 a kowane gefe. An haura mita 21. In tsohon layin mita 11 ne daga bango zuwa bango, sauran mita 10 daga gidajen mutane za su fito.

To daga ina za a ɗebe su? In aka ci mita 5 a kowane gefe, an taɓa gidajen ɓangare biyu, amma da yawansu za su tsira da ɗakunan ciki. In aka ci mita 10 a gefe ɗaya, yawan gidajen ya ragu da rabi, sai dai mafi yawansu sun tashi ke nan. Kowanne da hujjarsa. Wanda ya juya tsari daga na farko zuwa na biyu ya sauya rayuwar gidaje masu yawa, alhali a takarda abin da za a gani ɗan matsar da layi ne.

Ga kuma sha'anin taswira. A taswirar da ma'auninta 1:10,000 ne, kaurin layin da bai wuce milimita 1 ba, mita 10 ne a ƙasa. Zaure da shago da masai duk suna ɓoye a ƙarƙashin bakin fensir. Irin wannan taswira ce ake haskawa a bango a ɗakin taro a ce jama'a sun gani.

Mita 5 ma ba abin rainawa ba ne a gidan Bahaushe. Abin da ke gaba shi ne zaure, inda maigida ke karɓar baƙi, inda almajirai ke karatu. Kusa da shi akwai shagon da ke ciyar da gidan. Masai kuma galibi a jikin bangon waje ake haƙa shi. In aka sare waɗannan, tsakar gida ta koma bakin titi, matan gida sun rasa sutura, an bar iyali ba wurin kewayawa. Mai ƙiyasi zai rubuta cewa an ci kashi ɗaya cikin huɗu na gida. Mutanen gidan sun san fiye da haka aka ci.

"Ai an yi taron masu ruwa da tsaki"

Wannan ce amsar farko da ake bayarwa. An gayyaci masarauta, an gayyaci shugabannin 'yan kasuwa da na direbobi, an yi jawabai, an yi addu'a, an tashi.

Ban raina wannan taro ba. Magajin Gari da wakilansa da masu unguwanni su ne suka san gidan wane da iyakar wane, ba aikin da zai yi albarka a cikin birni in an tsallake su. Amma mai unguwar da aka kira da ƙarfe 10 na safe, aka nuna masa zanen da bai taɓa gani ba, a gaban manyan da ba zai iya musa musu a bainar jama'a ba, me ake so ya ce in ba "Allah ya taimaka" ba? Ladabinsa ne ya yi magana. Ra'ayin unguwarsa yana nan ba a ji ba, domin ba a ba shi takardar ya koma da ita gida ba.

Sannan akwai waɗanda ba su da kujera a irin wannan taro. Ɗan haya da ya shekara 20 a shago, wanda in an rushe mai ginin za a biya, shi ko sisi. 'Yan tebur da 'yan tireda. Masu Keke Napep da 'yan acaɓa da za a rufe musu mahaɗar da suke juyawa, a tura su kilomita guda kafin su sami wurin kwana. Matan da ke sana'a a cikin gida, masu ƙosai da fura da ɗinki, waɗanda cinikinsu ya dogara da yaran da ke ƙetare layin. In aka gina shinge a tsakiyar titi ba a bar mashiga ba, rabin masu sayensu sun koma wata duniya. Haka masallacin da jama'arsa ke tsallaken hanya, da makarantar Islamiyya, da hanyar da ake bi da gawa zuwa maƙabarta.

Ga gidajen gado. A tsofaffin unguwanni irin su Masanawa da Gambarawa da Yarinci da Unguwar Alƙali, gida ɗaya kan zama na magada da yawa, ba a raba ba, ba takardar mallaka, wasu magadan suna Kano ko Kaduna ko Maraɗi. In aka rubuta sunan wanda aka tarar a ƙofa aka ba shi cek, an bar wa zuri'ar shari'ar da za ta fi aikin hanyar daɗewa. Wata guda na sanarwa ya isa dangi su zauna su fitar da wakili.

Hukumomi ma ba a cika jin ta bakinsu a kan kari ba

Mutane na ɗauka gwamnati abu ɗaya ce, abin da wannan ofis ya sani wancan ma ya sani. Wanda ya san aikin ya san ba haka ba ne. Ma'aikatar ayyuka ke da hanya. Hukumar tsara birane ke da taswira. Ma'aikatar filaye ke da diyya. Bututu na hukumar ruwa ne, falwaya da taransfoma na kamfanin rarraba wutar lantarki KEDCO ne, wayoyin intanet da ke binne na kamfanonin sadarwa ne. Kowa da kasafinsa, kowa da lokacinsa.

In aka matsar da layi da mita 3 ba a gaya wa masu ruwa ba, bututun da ke gefen hanya ya koma ƙarƙashin kwalta. Ko dai katafila ta fasa shi unguwa ta yi makonni tana sayen ruwa a hannun 'yan ga-ruwa, ko ya tsira a binne shi, ran da ya fashe a zo a sare sabuwar kwalta. Maganin mai sauƙi ne in an yi shi da wuri: a kwashe bututun zuwa ƙarƙashin wurin tafiyar ƙafa, a kuma binne bututan da ba komai a cikinsu a gicciye, daga wannan gefe zuwa wancan, tazara-tazara, don duk mai son ƙetarar da ruwa ko waya nan gaba ya zura ba sai ya fasa titi ba. Kuɗin wannan ƙalilan ne a kan kuɗin facin kwalta, amma sai an sa shi cikin ƙiyasin kwangila tun farko. Falwaya ma haka. In ba a ware kuɗin kwashe ta ba, sai a gama hanya turakun wuta na tsaye a inda mota za ta bi.

Ruwan sama ne ya fi ba ni tsoro. Sabuwar hanya kusan kullum takan fi tsohuwa tudu, saboda cikon jar ƙasa da tsakuwa da ake yi kafin a zuba kwalta. In ta ɗaga da santimita 40 ko 50, gidajen da dā ruwansu ke gangarowa titi sun koma rami. Ruwan Agusta na dare ɗaya ya isa ya kwanta a gindin katangar ƙasa, ya jiƙa ta, ta zauna. Lambatu mai kyau a gefen hanya ba ya hana wannan in bakinsa ya fi kwatar gidan tsawo.

Sannan ina ruwan zai je? Kududdufan cikin birni, da aka haƙa don ɗibar ƙasar gini, su ke shanye ruwan unguwanni tun kaka da kakanni. Ana cike su ana gini. Duk kududdufin da gyaran tsari ya mayar fili ko rukunin shaguna, ruwansa na nan, wata unguwa zai nufa. Abin da ya fita kuma yana bin rafin Ginzo, inda masu lambu na wajen Ƙofar Marusa da Ƙofar Durɓi ke noma. In aka sauya mafitar babban lambatu, su ma abin ya shafe su, ko da gidajensu ba su kusa da hanyar. Kwalbatin da aka rage wa faɗi don a rage kuɗi, daga mai santimita 90 zuwa mai 60, yashi da leda za su toshe shi a damina ɗaya, kuma ba yaron da zai iya shiga ya yashe. Hukumar kula da muhalli da masu kwasar shara sun san wuraren da ke toshewa duk shekara. Tsoffin unguwa sun fi su sani: za su nuna maka a jikin bango inda ruwa ya kai. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

'Yan kwana-kwana su ma a tambaye su. Wanda ya ga gobarar babbar kasuwa ta watan Maris na 2021 ya san darajar hanyar da motar kashe gobara za ta kutsa da wurin da za ta ɗebi ruwa. Layin da aka tsara da faɗin mita 6 a cikin kasuwa, aka dawo aka matse shi don a ƙara shaguna, gyara ne da bai kamata ya wuce ba sai da sa hannunsu.

Hukumar tarihi da al'adu ta jiha da hukumar gidajen tarihi ta ƙasa suna da magana a kan abin da ya rage na ganuwa da ƙofofi, da kewayen Hasumiyar Gobarau, da hubbaren Wali Ɗan Marina, da ginin tsohuwar Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922. Ba sai katafila ta taɓa ginin ƙasa yake lalacewa ba. Girgizar rola mai danne hanya na tsaga shi, ruwan da aka karkato gindinsa na cinye shi a hankali. Majalisar masarauta kuma ita ta san hanyoyin da dawaki ke bi a Hawan Sallah da Hawan Bariki, daga filin Kangiwa zuwa inda za su, da inda shingen kankare zai hana ayari wucewa.

Abin da ya dace, kafin gyara ya fita wurin jama'a, a aika wa kowace hukuma kwafinsa, a ba ta mako 3 ta amsa a rubuce, da sunan jami'in da ya duba. Kada a ɗauki shiru a matsayin yarda. Wadda ba ta amsa ba a rubuta cewa ba ta amsa ba, kowa ya gani.

"Za a ɓata lokaci, kaya na tsada"

Wannan ƙorafi yana da nauyi. Farashin siminti da rodi ba ya jiran kowa, gwamna kuma shekara 4 gare shi. Amma a ƙirga. Mako 3 na hukumomi, kwana 30 na baje taswira, mako 2 ko 3 na tantance ƙorafi da rubuta amsa. Duka mako 10 ne. Daga Yuli zuwa Satumba aikin ƙasa dama tafiyar hawainiya yake yi saboda ruwa. In aka sa sauraron jama'a a wannan tsakani, ɗan kwangila zai shiga fili a Oktoba bai yi asarar komai ba. Ƙari a kan haka, lokacin ne ruwa ke nuna hanyarsa da kansa, injiniya ya je ya gani da idonsa.

A gwada mako 10 da abin da umarnin kotu na dakatar da aiki ke ci, ko tsayawar da ake yi ana jiran a kwashe falwaya, injuna na zaune ana biyan hayarsu.

Kuma ba kowane gyara ne zai bi wannan doguwar hanya ba. In za a sauya irin fitilun titi ko a ƙara kaurin kwalta, a yi a ofis, a rubuta a ajiye. Wanda tilas ya fito fili shi ne gyaran da ya ƙara ko gida ɗaya cikin waɗanda za a rushe, ko ya matsar da layi fiye da mita 2, ko ya sauya amfanin wani fili, ko ya juya mafitar ruwa, ko ya rufe wata mahaɗa. A rubuta wannan iyaka ƙarara, don kada babban gyara ya shige da rigar ƙarami.

"In an sanar, za a yi gine-ginen dare don cin diyya"

Ana yi, ba musu. Maganinsa a tsayar da ranar rufe ƙidayar gine-gine. A ranar da za a sanar da gyara, a riga an ɗauki hoton kowane gini da ke kan layin, ta ƙasa da ta sama, da lamba a jikinsa, mai unguwa ya shaida. Duk bulon da aka ɗora bayan wannan rana ba diyya. Ɓoye tsari ba ya hana masu wannan dabara, domin su ne dama ke da ɗan'uwa a ofis da zai tsegunta musu. Talakan da ba shi da kowa ne kaɗai ke zama cikin duhu, har ma ya sayar da gidansa da araha ga wanda ya san hanya za ta biyo ta ƙofarsa.

Masu cewa jama'a ba su iya karanta taswira ba, su sauya taswirar. A buga ta a ma'aunin 1:1,000, inda santimita 1 ke nufin mita 10, ko ma 1:500. Tsohon layi da launi ɗaya, sabo da wani. A rubuta sunayen unguwanni da masallatai da rijiyoyi da Hausa, boko da ajami. A liƙa a sakatariyar ƙaramar hukuma, da ƙofar gidan mai unguwa, da masallacin Juma'a, da kasuwa. Sannan 'yan safiyo su kafa fegi na wucin gadi a ƙasa, da farin fenti, mutum ya fito ya ga inda layin ya ratsa gidansa tun ana iya matsar da shi. Ba wanda zai kasa fahimtar fegi a tsakar zaurensa.

Taro kuma a kai shi unguwa, bayan la'asar, mazaɓa-mazaɓa. Na mata daban, a makarantar Islamiyya ko cikin wani gida, da ma'aikata mata. A ajiye littafin ƙorafi da malamin da zai rubuta wa wanda bai iya ba, ya karanta masa abin da ya rubuta, ya ba shi lamba a 'yar takarda. Rediyon Jiha da Companion FM su riƙa faɗin wuri da rana.

Gaskiya ne kowa zaurensa zai kare, kuma ba kowane ƙorafi za a karɓa ba. Wani gidan dole ya tafi in ana son hanya. Abin da nake nema shi ne amsa. A fitar da takarda: ƙorafi mai lamba kaza, an karɓa, an matsar da kwalbati. Mai lamba kaza, ba a karɓa ba, ga dalili. Jami'in da ya san zai rubuta dalili da sunansa a ƙasa, zai yi wuya ya karkatar da layi don gidan wani babba.

Abin da doka ta ce, da inda ta tsaya

Akwai masu cewa gwamna na da iko, magana ta ƙare. Yana da shi. Sashe na 28 na Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ya ba shi damar karɓe fili don maslahar jama'a, sashe na 44 na Tsarin Mulkin 1999 kuma ya wajabta biyan diyya cikin hanzari tare da damar zuwa kotu. Sai dai a duba sashe na 29 na dokar ta 1978: abin da ake biya shi ne kuɗin sake gina abin da ke kan filin, bayan an cire tsufansa. Gidan ƙasa mai rufin azara da ya shekara 70 a tsakiyar birni, ƙiyasinsa ba zai sayi fili a kusa da inda yake ba. Mai shi bayan gari zai koma, wajen Batagarawa ko hanyar Jibiya, nesa da kasuwarsa da masallacinsa da danginsa. Tunda diyya ba ta mayar da abin da aka rasa, kariyar da ta rage wa mutum ita ce a ji shi kafin a ja layi. Zuwa kotu bayan rusau ihu ne bayan hari.

Dokar Tsara Birane da Yankuna ta tarayya, mai lamba 88 ta 1992, ta san da wannan. Ta tanadi a baje daftarin tsari jama'a su kawo suka, ta kuma ce kafin a ayyana unguwa a matsayin wadda za a sabunta, a sanar da mazauna a zauna da su. Amma a 2003 Kotun Ƙoli, a ƙarar da Jihar Legas ta kai Gwamnatin Tarayya, ta yanke cewa tsara birane hurumin jihohi ne. Ke nan alƙalamin yana hannun Majalisar Dokokin Jihar Katsina. Ita za ta rubuta kwana nawa za a baje taswira, a wane ma'auni, wane gyara ne babba, waɗanne hukumomi ne tilas su amsa, ta kuma ƙara sharaɗi guda: duk gyaran da bai bi waɗannan matakai ba, ba a sakin kuɗin kwangilarsa, ba kuma a shafa wa bangon kowa jan fenti da sunansa.